Kunnen Doki a Jekadafari

Ƙarfe biyun dare.
Janaretan maƙwabci ya yi tari ya mutu,
saura ni da batiri kashi goma sha tara,
da Ɗan Tsako, injin ces ɗin da na rubuta
cikin damina biyu, layi bisa layi,
kamar mai jera bulo ba magini a kusa.

A farkon wasa yana da ladabi.
A tsakiya har cizo yake yi,
ya taɓa ɗauke sarauniyar Bappa Gidado,
tsoho ya cire hula ya sosa ƙeya.
Amma in fage ya yi fili,
sarki da soro a nan, can sarki tilo,
sai yaro ya rikice.

Na sauko masa da kundin ƙarshen wasa,
dare huɗu ina gadin data kamar mai gadin masussuka.
Kowane zama na 'ya'ya biyar yana ciki a rubuce:
nan ci, nan faɗuwa, nan kunnen doki.
Na ce to, ga amsa a aljihunka,
me kuma ya saura?

Sai ya ɗauki soro ya kai kusurwa.
Ya fito da shi.
Ya kai wata.
Allo na ta cewa nasara, nasara, nasara,
shi kuwa yana kewaye kamar akuya a turke
har taku hamsin suka cika,
doka ta ce a tashi, ba wanda ya ci.

Na zargi fayil, na sake saukewa.
Na zargi adireshin da na ba shi, ko harafi ya karkace.
Na zargi fari da baƙi, ko na musanya musu riga.
Na zargi filashin da na saya a Tsohuwar Kasuwa.
Har zafin ɗaki sai da na zarga,
na ɗora kwamfuta kan murfin tukunya ina mata fifita.
Ƙwaron bai fito ba.

Da safe, a gindin dogon-yaro,
Bappa, wanda ya shekara talatin yana jan tirelar siminti daga Ashaka,
ya saurare ni yana kurɓar kunun gyaɗa.
"Me takardar take gaya masa?"
Na ce, cewa ya ci.
"In ya bi ta ina?"
Na ce, ta ko'ina.
Ya yi dariya har kunu ya sarƙe shi.
"Ka tsayar da direba a shataletale,
ka ce masa kowace hanya tana zuwa Dukku,
ai sai ya kwana yana zagaye.
Mu dutsen mil muke karantawa, ɗana.
Saura nawa, ita ce maganar."

Sai na tuna.
Kundin rabi biyu ne:
ɗaya yana faɗin wa ya ci, ɗaya yana ƙirga nisa.
Na biyun na tsallake
don kada datar ta ƙare kafin wata.

Na sayar da tsohuwar fankata, na sauko da shi.
Layi tara na ƙara, na goge uku.
Soro ya fito ya tsaga fage,
sarki ya bi bayansa a hankali,
suka matse, suka matse,
taku goma sha huɗu, magana ta ƙare.

Ban yi ihu ba.
Idona ne ya kai bango,
inda kwalin digirina ya shekara shida a gilashi
yana cewa nasara, nasara,
ba lamba ko ɗaya a ƙarƙashinsa.

Da la'asar na kai wa Bappa labari.
Bai ɗago ba, yana goge dokinsa mai karyayyen kunne.
Ya ce, "Ya iya ƙarshe yanzu?
Madalla. Jera su.
Bari mu ga ko zai kai can."